Ɗakin Iya Safara'u

Ranar da likita ya ce Iya Safara'u ta warke, a tafi da ita gida, kowa ya yi hamdala ban da ɗanta Ghali. Ƙanwarsa Mansura, wadda ta baro gidan mijinta a Sabon Wuse ta zo jinya, har ta fara naɗe tabarma tana cusa kwanoni a buhu. Iya kuwa tana zaune a bakin gado, ta zuro ƙafafu tana laluben silifas, fuskarta wasai. An yi mata aikin hanji, ɗinki ya kama, ciwon sugan da ke wahalar da ita ma ya lafa. Abu biyu ne na asibiti suka rage a jikinta, allurar ƙarin ruwa a bayan hannu da robar fitsari, kuma likita ya ce yanzu za a zo a cire su.

Ghali ya yafito Mansura zuwa baranda.

"Mayar da kayan nan. Ba yau za a tafi ba."

"Yaya, ba ka ji abin da likita ya ce ba?"

"Na ji. Ina za mu kai ta?"

"Ɗakinta mana."

Ya share gumi, alhali yayyafi ake yi. "Akwai mutum a ciki."

A shekarar ne aka kwaso ma'aikatan gwamnati daga Legas aka juye su a Abuja, ita kuwa Abuja ba ta da makwancin ƙaramin ma'aikaci, sai duk suka malalo Suleja. Kowa a garin ya zama mai gidan haya. An ba da zaure, an ba da shago, har ɗakin awaki an shafa masa farar ƙasa an sa masa kwaɗo. Ghali ya riga ya ba da ɗakunan gidan gadonsu, ya matse da matarsa da 'ya'yansa a ɗaki guda. Na Iya kaɗai ya rage, kuma shi ne mai daɓen siminti da taga. A makon da aka kwantar da ita ya kwance gadonta na ƙarfe, ya kwashe jeren kwanoninta ya jibge a ɗakin girki, ya miƙa wa wani ma'aikaci makulli.

"Da me kike zaton an yi mata aikin nan?" in ji shi. "Kuma ai ba a titi zan bar ta ba. Na sa harsashi a bayan gida, ciki da falo zan yi mata, har da banɗaki. Da an ɗora kwano sai ta shiga sabon ɗaki. Kwana nawa ne?"

"To, a kai ta wurina kafin nan."

"Ina raye uwata ta tare a gidan suruki? So kike a yi da ni a kowace majalisa?"

"To ka faɗa mata gaskiya."

"Ke faɗa mata. In sugan ya tashi, jini ya hau, ki ɗauki alhakin."

Mansura ta koma ciki ta warware tabarmar da ta naɗe.

Mansura na tsaye a ƙofar ofis Ghali ya yi ta yi wa likita magiya, wai Iya na ganin jiri, wai ba ta da ƙarfi, a taimaka a ƙara mata ruwa. Likitan ya ce, "Malam Ghali, asibiti ba masauki ba ne. Mai suga, wadda aka buɗe wa ciki, gara ta bar nan da wuri." Amma asibitin kuɗi ne, gadaje ga su nan babu kowa, Ghali kuma ya iya roƙo. Aka rataya sabuwar leda, ruwa mai launin ɗorawa, aka ce a ci gaba da allurar kashe ƙwayoyin cuta don kariya.

Ghali ya san mutanensa. Majinyacin da ke zaune babu komai a hannu, duk wanda ya zo dubiya tambayarsa ta farko ita ce yaushe za a sallame ku. Amma in leda na rataye ruwa na ɗiga, ba mai tambaya, sai sannu da addu'a. A wurinmu ƙarin ruwa shi ne magani, shi ne gata, shi ne shaidar cewa mutum yana da 'ya'ya.

Iya kuwa ba ta da bakin tambaya. Ghali ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, in ya shigo sai ta juyar da fuska bango ta amsa gaisuwa a taƙaice. Sai da ya fita ta ce wa Mansura, "Me ya ce, yayan naki?"

"Wai a ƙara miki ruwa ki ƙara ƙarfi."

"Ni kam ƙarfi na ji shi. Amma to."

Masu dubiya suka ci gaba da zuwa da kwanon kunu da lemo a leda. Matan unguwa suka zo, dangi daga Lambata suka zo, har Nnenna mai shagon tireda a ƙofar gidansu ta zo da Bournvita. Kowa ya kalli ledar ya kalli Iya sai ya ce, "Kai, kin haifi ɗa. Wasu ana gama aiki suke kwashe iyayensu." Iya ta ce, "Alhamdu lillahi." Mansura kuwa ta sunkuyar da kai tana ɓare lemo, baƙin ciki na cin ta.

Sista Tabita, babbar nas ɗin ɗakin mata, ta tare ta a wajen famfo wata safiya.

"Mansura, wai me kuke jira? Mamanku ta warke fa. Robar nan da allurar nan, kowace ƙofa ce a buɗe a jikinta. Ku bari a cire ko robar fitsarin ce."

Aka faɗa wa Ghali, ya ce banɗakin yana can ƙarshen baranda, ga santsin damina, in ta faɗi ɗinki ya ɓalle wa za a kama? Ruwan da ake ƙara mata kuma yana sa ta yawan fitsari. Mansura ta ji maganar ta shige ta, kuma gaskiyar da ba ta faɗa wa kowa ba ita ce bayanta ya gaji da ɗaga tsohuwa. Aka bar robar.

Kullum Ghali ya zo da la'asar sai ta tare shi a baranda, kullum kuma da sabon dalili. Yau ruwan sama ya cinye bulon da aka buga. Gobe siminti ya yi wuyar samu a kasuwa. Jibi maginin ya samu aiki a Abuja ya gudu da cokalinsa na gini, yaransa ma sun bi shi, kuma duk Suleja ba a samun mai ɗora bulo sai ranar Lahadi. "An kai linta, bango ya kai saman ƙofa," in ji shi. "Saura kaɗan. Ke dai ki yi haƙuri." Ba ƙarya yake yi ba, ginin yana nan. Amma ba ginin ne ya hana Iya komawa gida ba, kuma su biyun duk sun sani.

Bayan hannun ya kumbura ya yi ja, aka mayar da allurar ɗaya hannun. Shi ma ya kumbura, aka koma neman jijiya a ƙafa. Sai zazzaɓi ya sauka. Aka ce na cizon sauro ne, aka yi allura, bai sauka ba. Aka ce taifot ne, aka canza magani, bai sauka ba. Aka kawo wata allurar kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, Ghali ya riƙa nuna wa masu dubiya kwalinta yana cewa daga waje ake kawo ta. Iya ta riƙa rawar ɗari da tsakar rana, haƙora na haɗuwa, Mansura ta lulluɓa mata zani a kan bargo a kan zani.

Wata safiya ta kawo mata kunu, Iya ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ture kofin.

"Maƙogwarona kamar an zuba barkono."

Mansura ta ce ta buɗe baki. Harshen ya yi fari fat, dasashi da ganɗa duk fari-fari kamar kindirmo ya daskare. Ta sa gefen zani ta goga, wurin ya yi ja ya fara tsatsar jini. Fitsarin da ke cikin leda a ƙarƙashin gado ma ya daina zama garau, ya yi duhu-duhu da wasu fararen abubuwa suna yawo a ciki. Ta fita da gudu neman Sista Tabita.

Likita ya ɗebi jini da fitsari ya aika babban asibiti a gwada. Kafin sakamako ya dawo Iya ta fara cewa hayaƙi take gani.

"Wa ya hura wuta a nan?"

"Ba wuta, Iya."

"To me ya sa ba na ganin fuskarki sosai?"

Da sakamakon ya zo likitan ya kira su biyu ofis. Wannan karon bai yi murmushi ba.

"Ba zazzaɓin sauro ba ne, ba taifot ba ne. Wata cuta ce dangin fumfuna, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Tana zaune a jikin kowa, a fata da baki da hanji, ba ta yin komai, saboda akwai wasu ƙwayoyi masu amfani da ke danne ta. Allurar da muka daɗe muna yi mata ta kashe masu amfanin. Suga ya ba ta abinci. Allurar hannu da robar fitsari suka ba ta hanya. Yanzu ta shiga jini, ta taɓa ido, kuma ina tsoron ƙoda."

Ghali ya ce, "To a ƙara mata ruwa mana, likita."

Likitan ya dube shi. "Ruwan ne ya kawo mu nan. Ni ma da laifina, da ban biye maka ba. Ranar da na ce ku tafi, da an cire komai kun tafi, da yanzu tana gida tana shan iska."

Ya rubuta wani magani ya ce ba a samunsa a Suleja, sai an bincika manyan kantunan magani na Kaduna. A ranar aka cire tsohuwar roba da tsohuwar allura, aka sa sababbi, don yanzu kam da gaske take bukatarsu. Mansura ta ce, "Likita, ko mu tafi da ita gida?" Ya girgiza kai. "Yanzu ba ta fituwa."

Ghali ya shiga mota ya nufi Kaduna, kuma a yi masa adalci, ya yi yawo har takalminsa ya tsinke. Yana can ne Iya ta ɗan samu sauƙin zazzaɓi da hantsi, ta lalubo hannun Mansura ta riƙe.

"Baƙon da ke ɗakina, an ce mutumin kirki ne."

Mansura ta ce, "Iya, wa ya faɗa miki?"

"Nnenna. Kin fita ɗebo ruwan zafi. Ita ba ta san ɓoyewa ake yi ba, yaba shi take yi, wai yana gaishe ta kullum."

"Tun lokacin kika sani? Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"In ce me? In kira shi in ce ya tona wa kansa asiri a gaban jama'a? Na ce bari in zauna, tunda zaman nawa ne rufin asirinsa. Ai na ɗauka zama ne kawai." Ta mayar da numfashi. "Kada ki ce masa na sani. Zai ji kunya."

Mansura ta kifa kai a gefen katifa ta yi kuka mai cin rai. Haushin Ghali take ji, da haushin likita, da haushin kanta, har da haushin Iya, wadda ake kashe ta tana tattalin kunyar mai kashe ta.

"Ni dai abu ɗaya nake so," in ji Iya. "Ko kwana ɗaya ne a kai ni in kwanta a ɗakina. Warin nan ya ishe ni."

Da Ghali ya dawo da maganin Mansura ba ta jira ya zauna ba.

"Yaya, ka je ka roƙi mutumin nan ya ba mu ɗakin, ko na ɗan lokaci ne."

"Ba ki ji likita ya ce ba ta fituwa ba?"

"In ta samu sauƙi fa? A ce ɗakin na jiranta. Ka bari in faɗa mata an buɗe shi, ko hankalinta ya kwanta."

"Mutum ya kama ɗaki da yarjejeniya, in je in ce masa me? Ki bari dai, an yi maganar kwano, ranar Lahadi kafinta zai zo."

Aka fara sabon maganin, mai sa jijjiga da amai, amma ya zo a makare. Fitsari ya ragu a leda har ya ɗauke. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta haye. Iya ta daina gane mutane, tana kiran Mansura da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, tana cewa a rufe mata taga ruwa zai jiƙa gado. Masu dubiya suka daina cewa kin haifi ɗa, suka koma tsayawa daga bakin ƙofa suna salati. Wata Talata da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta cika.

Aka sa ta a bayan a-kori-kura aka kai gida don a yi mata wanka a sallace ta kafin la'asar. Mata suka sauko da ita suka nufi ɗakinta kai tsaye, don nan kowa ya sani, sai suka tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Mai hayar ɗakin ya tafi aiki Abuja tun asuba da makullinsa a aljihu. Tsakar gida ta yi tsit. Wata gwaggonsu daga Lambata ta ce, "Wa ya kulle ɗakin Safara'u?" Wani ya ce a ɓalle kwaɗon, Ghali ya ce kayan mutum ne a ciki, ba ya son abin da zai kai su ga 'yan sanda. A ƙarshe aka ɗaura zannuwa a tsakanin ɗakin girki da katanga, aka yi mata wanka a nan, mata biyu na riƙe da buhu a samanta saboda yayyafi.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi, aka shiga abin da aka saba. Kwana ne ya ƙare. Ciwo ba ya kisa sai da ajali. Ghali ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har Kaduna ya je, ruwa bai taɓa yankewa a hannunta ba. Duk wanda ya ga kwaɗon nan ya gane abin da ya faru, amma ba wanda ya fasa faɗin haka, don mun fi son mu jingina wa ajali abin da hannunmu ya yi, mu sha kunun sadaka mu watse. Ajali gaskiya ne, ba mai musu. Amma ba ajali ne ya roƙi likita a bar allura a hannun matar da ta warke ba, ba kuma ajali ne ya warware tabarmar da aka riga aka naɗe ba.

Dab da magariba mai hayar ya dawo, wani siririn mutum da ake kira Barnabas, da taye a wuya da laima a hannu. Ya ga taro ya tsaya turus. Nnenna ta ja shi gefe ta yi masa bayani, Mansura na kallonsu daga inda take zaune. Sai ga shi ya nufo ta, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Madam, sori. Allah ya ji ƙan Mama. Wallahi ban sani ba. Oga Ghali ya ce mini ɗakin ba kowa." Ya juya wajen Ghali, wanda ke tsaye a bakin zaure ido jajir. "Oga, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ina da ɗan'uwa a Madalla, da can zan koma a ranar. Ni barci kawai nake zuwa yi. Iyalina suna Legas."



Barnabas ya buɗe kwaɗon, ya bar makullin a jikinsa. Mansura ta tashi ta leƙa. Katifa ce 'yar siririya a ƙasa, da akwati ɗaya, da risho, da riguna a rataye a ƙusa. Ke nan abin da ke ciki. Mutumin ya naɗe katifar ya ɗaure da igiya, ya zuba rigunan a akwati, ya ɗora katifa a ka, akwati a hannun dama, risho a hagu. Aka ce ya bari sai da safe, ya ce ba zai iya kwana a ciki ba. Sawu ɗaya ya yi. Ladan ya fara kiran salla Barnabas na naɗe katifa, bai kai ƙarshe ba mutumin ya fice daga gidan.

Mansura ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin tas, ta buɗe taga. Sannan ta fito tsakar gida, a gaban mata da dangi da duk wanda bai riga ya tafi masallaci ba, ta miƙa wa Ghali makullin.

"Yaya, ga ɗakin Iya an samu. Je ka ɗauko ta."